Motar da Anka Ƙara wa Ƙarfi da Zafin Arewacin Adar



Kowace shekara, da zarar watan Afrilu ya kama, duk mai bin hanyar Tahoua zuwa Abalak ya san abin da zai riƙa gani: mota a gefen kwalta, kapo a buɗe, tururi na tashi, karen mota na kai da komo da bido, fasinjoji sun raɓe a ƴar inuwar aduwa ko ta motar kanta. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, da yawa cikin motocin nan ba gajiyayyu ba ne. Wasu ma su ne anka fi kashe wa kuɗi a garaji. An ƙara musu lam don su ɗauki kaya, an ƙara tankin gazuwal, an sa turbo, an buɗe pompo. Abu guda ne ba a taɓa ba: hanyar da zafin inji zai bi ya fita. A kan wannan muke son mu yi magana yau, don mun bi ta kansa da motarmu, kuma mun san akwai irinmu da yawa.

Mu huɗu ne, ɗiyan wa da ƙane. Biyu sun yi shekaru a Abijan, ɗaya ya yi Libiya, ɗaya bai taɓa barin gida ba, shi ne kuma direbanmu. Kuɗin biɗa munka haɗa munka sayi Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira 79. Aikinta cin kasuwanni: ta yi lodi a Tahoua bayan kasuwar Lahadi, hatsi, shinkafa, sukari, shayi, man girki, ta bi ta Tabalak, ta nufi Kao da Tchintabaraden, daga nan ta shiga ƙauyuka da rugage inda hanya ke zama sawun taya cikin rairayi. A dawowa ta ɗauko bisashe, cuku da mutane. Gidaje huɗu ke ci daga gare ta, da kuɗin lakwal na yara, da maganin tsofaffi. In ta kwana a garaji, tukunya huɗu ke jin abin.

Wanda bai san motocin nan ba, bari mu ɗan yi masa bayani. Kamfanin Toyota ya fara fitar da jerin Land Cruiser 70 a 1984, mai lamba 79 kuma ta fito a 1999. Injin da ya sa mutanen arewa sunka amince da ita shi ne 1HZ, wanda ya fito a 1990: silinda shida, lita 4.2, gazuwal, babu turbo, babu kwamfuta, ƙarfinsa wajen doki 130. Inji ne mai haƙuri, bakanike na iya buɗe shi a ƙarƙashin itace. Sai dai ba shi da hanzari, musamman in an labta masa kaya, shi ya sa tun daga Ostireliya har nan Afirka mutane ke ɗaura masa turbo. Tamu da turbo a jikinta munka same ta, mai ita na farko ya riga ya sa. Kuma gaskiya tana ja. Hawan tudun rairayin da wasu ke yi sau biyu, ita sau ɗaya take yi.

Sha'awar mota mai ƙarfi ba baƙuwa ba ce a garin nan. Manyanmu na tuna shekarun da tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro a ƙarshen 1978, ke ratsa Nijar. Tahoua ta zama zango a cikinsa fiye da sau ɗaya. A 1997 ma ƴan tseren sun shigo daga Menaka ta ƙasar Mali, sunka kwana nan kafin su wuce Agadas. Mu da muke yara a lokacin ƙara da ƙura da fenti munka gani. Kanikawan garin kuwa wani abu daban sunka kalla: manyan ƙofofin shan iska a jikin motocin, da yadda masu gyara ke kwana suna wanki da busa. Waɗancan mutane sun san cewa duk dokin da ka ƙara wa inji, ka ƙara masa wuta, kuma wutar sai an samo mata mafita.

Ga yadda lissafin yake. In inji ya ƙona gazuwal, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ne kawai ke juya taya. Wani kason ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Sauran ya shiga jikin ƙarfen inji, kuma ruwa ne zai kwaso shi ya kai radiyata, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa lagireto. Aikin radiyata kamar na mai fifita kunu da ludayi ne: a shimfiɗa abu mai zafi a fili, iska ta bi ta kansa ta ɗauke zafin. Turbo na cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙona ƙarin gazuwal. Ƙarin gazuwal, ƙarin ƙarfi, amma kuma ƙarin zafi. In radiyatar ita ce dai ta asali, wadda anka auna don doki 130, to an ba ta aikin da ya fi ƙarfinta.

Sannan ga yanayin ƙasarmu. Radiyata na aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan inji da zafin iskar waje. A ce ruwa na kan digiri 90. A ƙasar da iska ke kan digiri 20, tazarar 70 ce. A nan, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana na wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana ya kai 45. Ke nan tazarar ta koma 45. Radiyata guda, mota guda, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawarta ya tafi tun ba ka ɗora buhu ko ɗaya ba. Ka ƙara da rairayi, inda inji ke kuka da ƙaramar giya, an sa karabo, mota na rarrafe, babu iskar gudu da za ta daki gabanta. Ka ƙara da ranar da iska ke bin bayanka, tana tafiya daidai da tafiyarka, har ka ga ƙurarka na wuce ka. Tsofaffin direbobin hamada sun san wannan sarai, shi ya sa in za su tsaya sukan juya hancin mota ya fuskanci iska.

Haka tamu ta riƙa yi. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lafiya lau. Da bazara ta shigo, a kan kwalta shiru, amma da an sauka cikin rairayi da tsakar rana sai allurar zafi ta fara hawa. Direbanmu mutum ne mai kula, idonsa ba ya barin allura. Sai ya tsaya, ya juya ta ga iska, ya buɗe kapo, ya bar inji na juyawa a hankali har ta sauko. Ba ya kashe inji nan take, don in an kashe, pompon ruwa da fanka su ma sun tsaya, zafin ya taru wuri guda. Ba ya kuma barin kowa ya taɓa murfin radiyata da zafinta. Duk mun san wani karen mota mai tabon ƙuna a hannu ko a fuska. Wannan dabara ta tsare mana inji, sai dai tana cin lokaci. Kasuwar da ya kamata a isa da hantsi sai a isa ta fara watsewa.

Abin da ya sa munka zauna munka yi magana ta gaske shi ne wata rana cikin watan Mayu, da anka roƙi direbanmu ya ɗauko wata mata mai naƙuda daga wata ruga zuwa likita. Haihuwar ta zo da gardama, babu wata mota kusa. Sau biyu allura ta tilasta masa tsayawa a hanya, matar na kwance a baya an yi mata rumfa da tabarma, ƴan uwanta na kallonsa. In ya ci gaba, inji ya ƙone a dawa, babu mai isa ko'ina. In ya tsaya, kowane minti na da nauyi. Sun isa, an karɓe ta, ita da jinjirin sun rayu. Amma ya dawo gida ya ce mana shi ba zai sake shiga irin wannan tsaka mai wuya ba, ko a gyara motar ko a nemi wani direba.

Kuma ya yi gaskiya, don a arewa lalacewar mota ba ƙaramin abu ba ne. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da anka tsinci gawawwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A tsakiyar 2017 ma mutum 44 sun rasu haka a hanyar Agadas zuwa Dirku. Hanyoyinmu na Azawak ba su kai waɗancan nisa ba, amma rana ɗaya ce, ƙishirwa ɗaya ce. Ga kuma halin tsaro a wajen Tillia da Tassara, inda tsayuwar dole a dawa ita kanta abin tsoro ce.

Da munka zauna, baki ya rabu uku. Babbanmu ya ce a yi abin da kowa ke yi: a cire kalorsta, wato ƴar ƙofar nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum, magana ta ƙare ba a kashe ko jika biyar ba. Na Libiya ya ce a cire turbon gaba ɗaya a mai da inji yadda Allah ya yi shi. Direba ya ce in an cire turbo, lodin da muke yi ba zai hau tuddan da muke hawa ba, gara a sayi babbar radiyata. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai munka kwashi maganar munka kai wa wani tsohon bakanike da ya yi zamani da manyan motocin hanyar uraniyam, wadda anka gina a ƙarshen shekarun 1970 tsakanin Tahoua da Arlit. Duk garajin Baba ake ce masa, mu ma haka muke ce masa.

Ya saurare mu har munka gama, sannan ya ce: "Ɗiyana, zahi shi ka kashe mota, ba tahiya ba. Amma ba a sayen sabuwar randa sai an duba ko marhi na tsohuwar ta rasa. Ku kawo ta gobe da sahe."

Ranar farko bai bari an sayi komai ba. Ya fara da murfin radiyata. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe matsi a cikin ruwa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya na tafasa a digiri 100, amma ƙarƙashin murfi mai riƙe matsin bar 0.9 sai ya kusa 120 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta mutu ya kwashe maka wannan rata duka. Daga nan ya matsa tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya duba bel, ya duba pompon ruwa. Ya tada inji da sanyi, murfi a buɗe, yana kallon ko kumfa za ta riƙa tasowa, alamar juwan kulas ya fara ba da hanya. Babu kumfa, munka yi ajiyar zuciya. Sai ya zo kan fanka. Fankar motocin nan tana da wani kulli a tsakiya mai man silikon a ciki, wanda ke kama ta da ƙarfi in iska mai zafi ta buso daga radiyata. Namu ya yi sanyi, fanka na juyawa amma ba ta jan iska sosai. A rairayi kuwa, inda babu gudu, fanka ce kaɗai ke shayar da radiyata iska.

Maganar cire kalorsta kuwa, Baba ya ƙi ta ƙememe. Ya ce a injuna da yawa ƙofar nan aiki biyu take yi: in ta buɗe hanyar radiyata, tana kuma toshe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji kai tsaye. In ka cire ta, wani ruwan zai riƙa zagayawa ta gajerar hanyar bai ko leƙa radiyata ba. Sannan da sanyin Disamba da Janairu inji zai yini bai kai zafin aikinsa ba, ya sha gazuwal, ya ci kansa a hankali. Wanda ya cire kalorsta ya ga allura ta sauka, sau da yawa tsohuwar ce ta maƙale, sabuwa yake buƙata.

Da anka ciro tsohuwar radiyatar anka buɗe kanta, sai munka ga abin da ke ciki: farin dutse ya toshe bututu da yawa, kamar gindin butar shayin da ta shekara ba a kankare ba. Wannan kuma ruwanmu ne. Ƙasar Adar ƙasar farar ƙasa ce, ita ce ma ta sa anka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Ruwan rijiyoyi da yawa na ɗauke da ita, a arewa kuma ga ruwan zartsi. Duk lokacin da anka ɗura irin wannan ruwa ya tafasa, sai ya bar ɓawo a cikin bututu, ɓawon ya hana zafi ratsawa. Shekara da shekaru masu motar na baya na ɗura abin da sunka samu a hanya.

Nan anka zo ga zaɓe. Radiyata iri uku ke yawo a kasuwa. Akwai mai cikin alminiyam da kan roba, mai araha da sauƙin nauyi, sai dai in kan ya tsage ko bakin da anka matse ya saki a gargada, ba ta da gyara mai ɗorewa. Akwai ta alminiyam zalla, mai faɗin bututu, irin wadda masu motocin tsere ke so. Tana sanyayawa ƙwarai, amma in ta fashe sai mai walda da iskar argon, shi kuwa ba a kowane gari ake samunsa ba. Sannan akwai ta jan ƙarfe da tagulla, mai nauyi, mai tsada, wadda duk mai liƙin radiyata da ke da wuta da dalma zai iya tsayar mata da yoyo a Abalak ko a Cinta. Ɗayanmu ya nuna wa Baba hotunan ta alminiyam a waya, tana ƙyalli. Baba ya ce: "Kyawo gare ta. In ta hwashe bayan Kao, wa za ka kira?" Munka ɗauki ta jan ƙarfe mai layi huɗu.

Samunta ma aiki ne. Kayan motocinmu ta hanyoyi kaɗan suke zuwa: ta Ƙonni daga Sakkwato da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko daga Yamai, ko na hannu da ake kwasowa daga Dubai. Tun bayan rufe iyakoki da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, kayan da da ke shigowa ta Kwatano sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗinsu ya hau, jabu kuma ya yi yawa. Baba ya koya mana a ɗaga ta a ji nauyinta, a leƙa ta bakin murfi a ƙirga layukan da ido, a duba ko ganyayyakin sun manne da bututu sosai. Araha ba ta ado, balle a abin da ran mutane ke rataye a kansa.

Amma ya gargaɗe mu cewa yawan layi kaɗai ba ya magani. Radiyata in ta yi kauri, iska na shan wuya kafin ta ratsa ta, kuma layin baya iskar da ta riga ta ɗumama yake samu. In fanka ba ta da ƙarfi, mai layi huɗu na iya kasa mai layi uku. Don haka anka sa sabon kullin fanka. Anka kuma gyara kwandon da ke kewaye fanka, wanda kanikawa da yawa ke jefarwa don yana tare musu hannu. In babu shi, fanka iskar gefe take ja, ba ta cikin radiyata ba. Baba ya sa anka yanke shi daidai da sabon kaurin, anka toshe duk wata kafa ta gefe da robar tsohon tiyub.

Ɗaurawar ta ci yini biyu. Sabuwar ta fi tsohuwar kauri, ta matso kusa da fanka, sai da anka auna ratar da kyau, don a gargada inji na motsi a kan robobinsa, ganyen fanka kuma na lanƙwasawa. In sun haɗu, fanka za ta yanka radiyatar kamar wuƙa. An sake robobin da inji ke zaune a kai, an zaunar da radiyatar ita ma a kan roba, ba ƙarfe da ƙarfe ba, don jikin mota na murɗawa a rairayi, abin da anka ɗaure tamau kuwa shi ke tsagewa. An sa sabbin tiyo, sabon murfi, sabuwar kalorsta. An wanke cikin inji sau da yawa har ruwa ya fito fari. Sannan anka ɗura ruwan sanyaya inji na kanti gauraye da tataccen ruwa, anka bar inji na juyawa har iskar da ta maƙale ta fita. Ruwan nan mai launi na hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Sai dai a kula: guba ne, kuma zaƙi gare shi. Kar a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yaro ko akuya za su kai baki.

Saura iskar turbo. Iska in an matse ta zafi take yi. Ku taɓa bakin pompon keke bayan an yi bugu ku ji. A ranar da waje ke digiri 45, iskar da turbo ke turawa na iya haura digiri 100 kafin ta shiga inji. Maganinta wata ƙaramar radiyata ce ta iska, wadda ke sanyaya ta a hanya. Mutane da yawa a gaban babbar radiyata suke ɗaura ta, don nan iska ta fi. Baba ya ce a kan kwalta hakan daidai ne, amma a rairayi ka sa wa radiyatarka labule mai zafi ke nan. Ya ɗora ta a saman inji, anka huda kapo anka yi mata baki, anka sa mata ƴar fankar lantarki a ƙasa don lokacin rarrafe.

Abu na ƙarshe shi ya fi yi wa direbanmu ciwo: Baba ya rage gazuwal a pompo. Ya ce 1HZ ba a gina shi don turbo ba. Yana da ƴan ɗakunan ƙuna a cikin kulas, matsinsa kuma mai yawa ne. Ɗan uwansa 1HD-T, wanda ya zo da turbo tun daga masana'anta, da piston da tsarin feshinsa daban ya fito. In an buɗe wa 1HZ pompo fiye da kima, wutar cikin silinda na iya tsaga piston ko kulas alhali allurar ruwa na zaune lafiya. Alminiyam, wanda da shi ake yin piston, a wajen digiri 660 yake narkewa. Baƙin hayaƙin da samari ke alfahari da shi, gazuwal ne da bai ƙone ba da zafi mai yawa. Ya rage har hayaƙin ya washe, ya sa agogon auna zafin hayaƙi a bakin salansa, da wani na ruwa mai nuna lamba, don allurar asali takan zauna a tsakiya ta daɗe kafin ta motsa. Motar ta ɗan rage fizga. Direba ya yi gunaguni kwana biyu, ya saba.

Mun gwada ta a bazarar da ta biyo baya, da cikakken lodi, da tsakar rana, a rairayin da da ke tsayar da mu. Lambar ta hau, ta tsaya ƙasa da 100, fanka ta kama da ƙara kamar jirgi, lambar ta sauko da kanta. Tun daga nan ba mu sake tsayuwar dole don zafi ba. Kuɗin da munka kashe ya kai ribar makonni da yawa, sai da kowane gida ya ɗaure ciki. Amma duk wanda ya taɓa sayen kulas da piston shida ya san wanne ya fi sauƙi.

Kar dai wani ya ɗauka babbar radiyata lasisin zalunci ce. Abin da anka rubuta wa motar nan ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da ƴan kai ba, mu duka kuwa mun san abin da ake ɗora mata a tasha. Kowane buhun da ya ƙaru zafi ne ya ƙaru. Mun yanka wa kanmu iyaka, ko da kwastoma zai ji haushi. Sannan akwai abokin gaba na bayan damina: ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa. Daga Satumba, lokacin da makiyaya ke haurawa wajen Ingal shan gishiri, motar da ke ratsa ciyawa na tara su a gaban radiyata har su zama kamar tabarma. Muna ɗaura raga a gaba, a cire a kakkaɓe kowace tsayawa, a gida kuma a busa radiyatar daga baya zuwa gaba, ba da ruwa mai ƙarfin da zai kwantar da ganyayyakin ba. Bido biyu na tataccen ruwa, tiyo, bel da murfi na ajiya ba sa sauka daga motar.

Ga masu motoci ƴan uwanmu: in za ku kai mota a ƙara mata ƙarfi, ku ware kuɗin sanyaya ta a cikin lissafin tun farko, in bai kai ba ku jinkirta turbon. Ga iyayen garaji: yaran da ke hannunku abin da sunka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin, ku nuna musu amfanin kalorsta da kwandon fanka kafin su koyi jefar da su. Ga fasinja kuma, musamman mai tafiya da mata da yara: ba rashin kunya ba ne ka tambayi direba ruwa nawa ya ɗauka, na mota da na mutane, kafin a bar tasha. Direban kirki ba zai ji haushi ba, zai nuna maka.

Bazara na tafe. Wanda motarsa ta yi masa gargaɗi bara, yanzu ne lokacin kai ta, tun garaji bai cika ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.